Mazubi ɗaya, dalma iri uku: yadda na zuba nauyin birgi a Lagdo

Daga farkon Yuli zuwa ƙarshen Satumba hukuma takan hana su a tafkin Lagdo da ke arewacin Kamaru domin kifi ya samu ya hayayyafa. Jirage sukan hau tudu, masunta su koma gindin itatuwa, wannan na ɗinke kalli, wato komar da ake kafawa a ruwa, wancan na ƙara wa birgi baki, wato komar da ake jefawa. Mu masu zuba dalma kuwa lokacin ne aikinmu yake kankama, domin duk wanda ya saƙa sabon birgi ko ya sabunta igiyar ƙasan kallinsa sai ya nemi nauyin da zai nutsar da shi. Tun da aka gama madatsar ruwan nan a kan kogin Binuwai a 1982 jama'a suke ta kwararowa neman abinci a ruwa, Hausawa da Musgum da Kotoko da wasu daga bakin kogin Logon da tafkin Cadi. Kowa da irin komar da ya saba da ita, amma dukkansu dalma suke nema.

A hannun kawuna na koyi wannan sana'a, kuma abu biyu muke yi. Akwai ƙwaya mai huda a tsakiya, wadda ake jerawa a igiyar bakin birgi. Akwai kuma falle, wato dalma shimfiɗaɗɗiya da ake yankawa a naɗe a igiyar ƙasan kalli a matse. Ƙwayar a mazubi ake zuba ta. Namu na alminiyam ne, ɓari biyu, wani mai zubin tukwane a Garwa ya yi wa kawu shi tun da jimawa, kuma a tsakiyar raminsa ake zura wayar ƙafar babur domin ta bar huda.

Bana wani dattijo cikin masuntan unguwarmu ya zo da aikin ƙwaya 200 na sabon birgi. Da muka gama gaisawa sai ya zaro tsohuwar ƙwaya daga aljihu, ya haɗa ta da wata sabuwa da ya saya a kasuwa, ya ɗora mini su a tafin hannu.

"Ɗana, dalmar yanzu ƙarya gare ta. Ido ya ga girma, hannu bai ji nauyi ba. Ni birgi mai kilo huɗu nake so, kada a ba ni wanda zai tsaya yana lilo a ruwa karfasa na ficewa ta ƙasa."

Na ce, "Baba, a yi mini haƙuri in gwada tukuna, in Allah ya so zan kawo maka bayani tare da kayan."

Wannan ƙorafi ya daɗe a bakin masunta, kuma yawancinsu suna ɗauka masu zubi ne suke rage girman mazubi. To ni na san mazubinmu bai canza ba. Abin da ya canza shi ne abin da muke jefawa a kasko. A da kawu yana samun tsofaffin bututan dalma da rufin tsohuwar wayar tarho, waɗanda kusan tsantsar dalma ne. Yanzu sun yi wuya. Abin da na samo wannan karon a wurin masu tsofaffin ƙarafa a Garwa buhu ne mai gauraye: ɗan guntun bututu da tsofaffin nauyin koma, da tarin dalmar da masu gyaran taya suke maƙalawa a gefen ƙafar mota don daidaita ta, sai kuma wata leda cike da haruffan tsohuwar maɗaba'a, layi-layi da rubutu a juye. Maimakon in narka su a haɗe, sai na ƙudura in narka kowanne shi kaɗai, in zuba a mazubi guda, in auna.

Rarrabewa ita ce ta fi cin lokaci, kuma a ganina ita ce rabin aikin. Na shimfiɗa buhu a tsakar rumfa na zauna. Gwajin farko farce ne: tsantsar dalma in ka danna mata farce sai ya shiga, ya bar layi mai sheƙi. Na biyu kunne: ka sake ta a kan siminti, mai laushi sai ta ce "tuf" ta kwanta, mai tauri kuwa sai ta yi ɗan ƙara ta yi tsalle. Na uku fensir ɗin makaranta mai alamar HB. Ka goga bakinsa ya yi faɗi da kaifi, ka tura shi a jikin ƙarfen. A bututu yana shiga har ya nannaɗo siririn zare. A dalmar taya yana shiga amma da ƙyar. A haruffan maɗaba'a kuwa zamewa kawai yake yi, ya bar baƙin zane.

Dalmar taya ita ce ta fi bukatar ido. Tun 2005 ƙasashen Tarayyar Turai suka hana yin waɗannan nauyaye da dalma, suka koma tutiya da baƙin ƙarfe, kuma galibin motocinmu na hannu daga can suke shigowa ta tashar Duwala. Shi ya sa a cikin kowane tari za ka tarar da masu alamar Zn, wato tutiya, da masu Fe, wato ƙarfe. Wanda ba shi da alama sai ka cije shi da filaya: dalma tana karɓar haƙorin filaya, tutiya ba ta karɓa. Duk na tutiya na ware su gefe guda. Dalilin shi ne dalma tana narkewa a digiri 327 na ma'aunin Salshiyas, tutiya kuwa sai wajen 420. In wuta ta yi yawa har tutiyar ta narke ta shiga ciki, kaskon gaba ɗaya ya lalace: ruwan ya yi kauri, ya yi gudaji, ya ƙi cika mazubi, kuma babu wata hanyar gida ta fitar da ita. Akwai kuma masu manne, waɗanda ake liƙawa da gam a cikin ƙafar mota. In na dalma ne suna da laushi ƙwarai, don haka na haɗa su da tarin bututu.

A cikin buhun har da farantan batirin mota, waɗanda mai kayan ya ƙara mini a matsayin gyara. Na mayar masa da abinsa. Na san akwai masu narka su saboda arha, amma ni ba zan yi ba, kuma ina roƙon duk mai wannan sana'a ya bari. Ban da ruwan asid da ƙurar da ke jikinsu, yawancin baturan zamani an haɗa dalmarsu da kalsiyam. In dattinta ya gamu da na dalma mai antimoni ko arsenik, wato sinadaran da ake ƙara wa dalma don tauri, sannan danshi ya taɓa shi, yana iya fitar da iska mai dafin da ke kisa. Ba a ganinta, kuma mutum ba zai dogara da hanci ya tsira ba. Ɗan kuɗin da za a rage bai kai ran mutum ba.

Na fara da mai laushi. Kaskonmu na baƙin ƙarfe ne mai kauri da aka walda, ludayin ma na ƙarfe ne, kuma ba su taɓa shiga madafa ba. Ba a narka dalma a tukunyar alminiyam, domin zafi yana raunana ta ga kuma nauyi, gindinta yana iya ɓallewa. Da yake damina ce, na tsaya sosai a kan batun danshi. Ruwan da ya shige ƙarƙashin narkakkiyar dalma nan take yake zama tururi ya watso ta sama, ta faɗa a fuska da ƙirji. Saboda haka a kasko mai sanyi nake loda kaya kafin in hura gawayi, duk abin da zan ƙara daga baya kuma sai ya kwanta a gefen murhu ya bushe ƙarau, har ludayin sai na ɗumama shi. Guntun bututu ya fi kowanne haɗari, don ruwa yana ɓuya a cikinsa, shi ya sa nake tsaga shi da tsawo tukuna. Rumfar a buɗe take ta kowane gefe, na zauna iska na bayana, kawu kuma ya kori yara zuwa ƙofar gida.

Da ta narke sai na jefa ɗan guntun kyandir. Ya kama da wuta, na juya da ludayi har ƙasa ina kankare gefen kasko, datti ya taso baƙi, na kwashe shi a gwangwani mai murfi. Ƙarƙashinsa sai ga fuskar dalma fes tana ɗaukar ido. Ba mu da ma'aunin zafi, amma akwai alamu. In ka tsoma busasshen tsinke ya yi baƙi a hankali, ta isa zubi. In ya kama da wuta nan take, ko fuskar dalmar ta riƙa rikiɗa zuwa ruwan ɗorawa da shuɗi da zarar ka kwashe datti, wuta ta yi yawa, a rage gawayi. Dalmar da aka bari har kasko ya yi ja, hayaƙinta guba ne.

Mazubi ma sai an shirya shi. Na kunna kyandir na turara cikin ramin da jikin wayar har suka yi baƙi, sannan na ɗora shi a gefen murhu ya yi zafi. Ƙwayoyin farko kullum da tamoji suke fitowa saboda mazubin bai gama ɗaukar zafi ba, sai a mayar da su kasko. Da hannu ya daidaita sai aiki ya miƙe: ka rufe, ka zura waya, ka zuba har ya tumbatsa ya yi ɗan tudu a bakin, ka jira, ka yanke tudun, ka buɗe, ka zare waya.

A wannan ɗan jiran ne ake ganin abin da ke faruwa, in mutum ya sa ido. Tudun nan na bakin mazubi da fari yana sheƙi yana rawa. Sai sheƙin ya dushe daga gefe zuwa tsakiya, can sai ka ga tsakiyar ta lotsa, ta yi ɗan rami kamar an soka allura. Ƙwayar da ke ciki ce take tsukewa yayin da take daskarewa, tana janyo ragowar ruwan dalma daga sama. Tsantsar dalma tana rage wajen kashi uku da rabi cikin 100 na girmanta a lokacin daskarewa. Shi ya sa in ka yi rowar tudun, ramin sai ya koma cikin ƙwayar kanta, ta fito da kogo a ciki, nauyinta ya ragu ba tare da ido ya gani ba. Da mai laushi, ina buɗe mazubi ƙwayar take faɗowa da kanta, domin ta riga ta janye jikinta daga bangon ramin.

Na kwashe ragowar na share kasko, na loda dalmar taya. A nan akwai abin da har yau nake son kallo: da dalmar ta narke, ƙananan maƙalan ƙarfen da ke jikinta sai su taso su yi ta yawo a sama kamar ƙosai a mai. Baƙin ƙarfe ne fa, amma ga shi yana iyo, domin cikin kowane dunƙule mai santimita ɗaya a tsawo da faɗi da tsayi nauyin dalma giram 11.3 ne, na ƙarfe kuwa bai kai 8 ba. Na tsame su da cokali mai huda. Wasu nauyaye biyu da suka ƙi narkewa suka tsaya a sama, na san tutiya ce ta kuɓuce wa filaya, na yi maza na fitar da su tun wuta ba ta kai gare su ba. Ƙwayoyin wannan kaskon sun fito da haske fiye da na farko, ramin tudun bai kai na ɗazu zurfi ba, kuma sai na ɗan ƙwanƙwasa hannun mazubi da itace kafin su faɗo.

Haruffan maɗaba'a su suka fi ba kawu mamaki. Tun gawayi bai gama kamawa ba suka narke, ruwansu kuma ya fi na sauran tsinkewa. Ya matso ya leƙa.

"Kai yaro, wannan da ya fi su tauri shi ya riga su narkewa?"

Na ce, "Haka ne, Kawu. Haɗin ne ya sa."

Ƙarfen da ake zuba layin haruffa da shi a injin Linotype, wanda aka fara aiki da shi a Amurka a 1886, kashi 84 cikin 100 dalma ne, 12 antimoni, 4 kuza. Shi antimoni in shi kaɗai ne sai wajen digiri 630 yake narkewa, kuza kuwa 232, amma da aka haɗa su a wannan ƙima sai haɗin yake narkewa a wajen 240, ƙasa da tsantsar dalma nesa ba kusa ba. Masu ɗab'i sun zaɓi wannan haɗi da gangan. Antimoni yana ba shi tauri don harafi ya jure matsi, yana kuma rage tsukewa, kuza kuma tana sa ruwan ya kwanta ya shiga kowane lungu. Abin da ya sa wasali da ɗigo suke fitowa tsaf a takarda shi ne ya bayyana a mazubina: ƙwayar ta kwafo duk wani ƙarce da ke cikin ramin, har da siririn layin da ɓarin biyu suka haɗu, ta kuma cika ramin dam har sai da na buga sosai kafin ta saki. Da mazubin ya yi zafi da yawa sai suka fara fitowa da fuska fari-fari mai gautsi, na ajiye shi ya ɗan huce.

Kashegari na aro ma'aunin kauri na makanikai da ƙaramin sikelin lantarki irin na masu zinariya. Ramin mazubinmu kaurinsa wajen milimita 12 ne. Bambancin kauri tsakanin mai laushi da ta haruffa ya fito, amma ƙanƙane ne, wajen zane ɗaya a ma'aunin, wato kashi ɗaya cikin ashirin na milimita, kuma ta haruffa ce ta fi kauri. Ta taya ta faɗa tsakani. Wannan ya yi daidai da abin da aka sani, cewa tsantsar dalma tana tsukewa da kashi ɗaya da ɗoriya cikin 100 a faɗinta, haɗin haruffa kuwa da kusan rabin haka.

Waɗanda suka fi kowa bin diddigin wannan ɗan bambanci su ne mafarauta da masu wasan harbi na Amurka da suke zuba harsashin dalma a gidajensu bisa dokar ƙasarsu. Su da kashi ɗaya cikin dubu na inci suke awo, wajen milimita 0.025, domin a wurinsu dacewar harsashi da cikin bututun bindiga a kan wannan take. Sun daɗe da tabbatar da cewa mazubi ɗaya yana ba da harsashi mafi kauri kuma mafi sauƙin nauyi in haɗin ya yi tauri, mafi siranta kuma mafi nauyi in dalmar tsantsa ce. Mu ruwa ba ya tambayarmu rabin zanen ma'auni. Abin da ya shafe mu shi ne ɗaya ɓangaren, wato nauyi.

Na auna goma-goma domin bambancin ya fito sosai. Goma na mai laushi giram 200. Goma na taya 196. Goma na haruffa 183. Ga maganar Baba ta fito a sikeli: ƙwayar da ta fi kauri ita ce ta fi rashin nauyi. Ba abin mamaki ba ne in aka duba, tunda antimoni giram 6.7 ne a santimitar da dalma take 11.3, kuza kuma 7.3. Duk abin da aka ƙara don tauri yana cin gurbin dalma ne da abin da bai kai ta nauyi ba. A ƙwaya 200, mai laushi za ta ba da kilo huɗu cif, ta taya ta gaza da giram 80 kawai, ta haruffa kuwa ta gaza da giram 340. A birgi wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ana jefa shi ya buɗe, sannan bakinsa ya yi tsere da kifi zuwa ƙasa. In bakin ya yi jinkiri, musamman a ruwa mai zurfi, karfasa ta riga ta ga inuwa ta fice. Wanda kuma ya zuba da dalmar liƙin lagireto, mai kuza kusan rabi, asararsa ta wuce kashi 20 cikin 100, ga tsada a banza.

Tauri na auna shi da dabarar da ta samo asali daga wani injiniya ɗan Suwidin, Johan August Brinell, wanda a 1900 ya fito da gwajin danna ƙwallon ƙarfe a jikin abu a auna faɗin lotsawar. A ma'auninsa tsantsar dalma tana wajen 5, dalmar taya da ta huce a iska wajen 10 zuwa 12, haɗin haruffa wajen 22. Ni ba ni da injinsa, sai na sa ƙwallon boris tsakanin gutsure biyu na matse su tare. Wanda ya fi laushi shi yake samun rami mai faɗi. Bai ba ka lamba ba, amma yana gaya maka wane ya fi wane, kuma abin da mai zubi yake bukata ke nan.

Gwajin da ya fi muhimmanci ga masu kalli shi ne na naɗewa. Na zuba ɗan falle daga kowane iri na naɗe a igiya. Mai laushi ya rungumi igiya lif, ko da yatsa ma yana lanƙwasuwa. Na taya ya naɗu, amma bayansa ya yi ƙananan tsage-tsage. Na haruffa ko rabi bai kai ba ya karye, wurin karayar yana ƙyalli da tsaki-tsaki. Akwai kuma abin da mai gaggawa ba zai lura da shi ba: dalma mai antimoni ba ta gama taurinta ranar da aka zuba ta. Tana ci gaba da ƙara tauri har makonni. Fallen taya da ya yarda ya naɗu da ƙyar ranar zubi, da na koma kansa bayan an kwana biyu sai ya tsage. In kuma aka saki ƙwayar da zafinta a cikin ruwa, taurin yana kusan ninkawa, alhali tsantsar dalma ko an tsoma ta ba ta canzawa. Ni ba na tsomawa, don ba na son ko bokitin ruwa a kusa da kasko. A kan busasshen tsumma nake sauke su.

Sai dai kada a ɗauka laushi ne alheri a ko'ina. A gaɓar Lagdo akwai wurare masu duwatsu, kuma ƙwaya mai laushi in ta yi ta bugun dutse tana lotsewa, hudar ta matse ta ciji igiya, ta kuma riƙa gogewa tana raguwa. Tsohuwar ƙwayar da Baba ya nuna mini ma gefenta ɗaya ya baje. Ta haruffa ba ta lotsewa, amma bakin hudarta yana da kaifi, yana cin igiya, kuma in ta bugi dutse da ƙarfi tana iya fashewa. A nawa hukuncin, ƙwayar birgi ta fi kyau da dalmar taya: nauyin da ta rasa bai taka kara ya karya ba, ga juriya. Falle kuwa sai mai laushi zalla, kuma tunda ita ce ta yi wuya, asara ce a ƙarar da ita a ƙwaya. Kaifin bakin huda da wuƙa nake feƙe shi, ba na sa magagari, domin magagari ƙura yake yi.

Ƙurar nan ita ce abin da ya fi damuna a sana'ar tamu, fiye da ƙuna. Ƙuna ana ganinta, ita kuwa dalma shiru take shiga jiki, ta hannu zuwa baki, ta tufafi zuwa ɗaki. A 2010 a jihar Zamfara ta Najeriya yara sama da 400 suka rasu saboda ƙurar dalma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje, sai da ƙungiyar likitoci ta MSF ta shigo da magani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da za a kira marar illa, kuma yara da masu juna biyu ta fi yi wa ɓarna, don tana taɓa ƙwaƙwalwa. Shi ya sa ba na cin goro ko shan shayi a rumfa, rigar aiki a nan take kwana, ina wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu kafin in taɓa abinci ko yaro, gwangwanin datti kuma a rufe yake inda kaji da yara ba sa kaiwa. Masu jefa birgi da yawa suna riƙe gefen igiyar da haƙori kafin su wurga. Duk wanda ya sayi kaya a wurina ina gaya masa ya rataya a kafaɗa ko gwiwar hannu, in kuma ya saba da baki to ya bar tazarar igiya marar ƙwaya a wurin da yake cizo.

Aikin Baba da dalmar taya na yi masa shi. Na kai masa da sikelin a hannu, na ɗora ƙwaya 200 a gabansa ya ga kilo huɗu ba giram 80, na ƙara huɗu suka cike. Na kuma ɗora masa goma-goman nan uku ya gani da idonsa, ya juya ta haruffa a hannu ya jinjina ta.

"To ashe ba mazubin ba ne. Allah ya yi maka albarka, ɗana. Daga yau da kilo zan riƙa saye, ba da ƙirge ba."

Kawu ma ya yarda mu koma sayarwa da awo, kowace leda a rubuta mata irin dalmar da ke ciki da nauyin ƙwaya goma. Ragowar haruffan kuwa ban zuba su zalla ba. In aka haɗa kashi ɗaya nasu da kashi uku na mai laushi, antimonin yana sauka zuwa kashi 3 cikin 100, kuza zuwa 1, wato kusan daidai da dalmar taya. Na gwada da tsofaffin nauyin koma da suka gama lotsewa, goma suka ba ni giram 196, fensir ya shiga da ƙyar, ƙwayar kuma ta cika ramin fiye da ta taya saboda ƙarin kuzar. Da wannan haɗin na zuba sauran ayyukan birgi na bana, bututun da ya rage kuma na ajiye shi don fallen masu kalli.